Wasannin noma na waya da kwamfuta: wanne ya dace in saya wa yaro?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce a Tudun Wadan Zariya. Ɗana mai shekara 14 ya dame ni in saya masa wani wasa wai shi Stardew Valley. Ƙanwarsa kuma kullum wayata tana hannunta tana buga Hay Day, har takan tashe ni da sassafe wai kayan gonarta sun nuna. Babansu ya ce gara wannan da wasan harbe-harbe, ko ba komai za su koyi noma. Gaskiya ne? Mene ne bambancin wasannin, kuma me ake ciki yanzu a wannan harka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya raya yaran, Ya yi musu albarka. Aikina koyar da rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma na daɗe ina buga irin waɗannan wasanni ina duba yadda aka ƙera su. Gidanmu kuma gidan noma ne ta wajen Giwa, don haka maganar maigida ta shafe ni ta fuska biyu.

Rabin maganarsa gaskiya ne. Wasannin sun fi na harbe-harbe natsuwa nesa ba kusa ba. Noma kuwa ba za su koya a ciki ba. Abin da ya kamata ki fi sa wa ido shi ne hanyar da masu wasan ke samun kuɗinsu, domin ita ke nuna ko yaro ne zai riƙe wasan, ko wasan ne zai riƙe yaro. Wasanni biyun da kika ambata duk shuka da girbi ake yi a cikinsu, amma a nan suka sha bamban.

Asalin abin daga Japan ya fito. A 1996 wani mai tsara wasanni, Yasuhiro Wada, wanda ya tashi a karkara sannan aiki ya kai shi Tokyo, ya fitar da wasan da duniya ta sani da Harvest Moon a na'urar Nintendo. A lokacin yawancin abin da ke kasuwa faɗa ne, ko tsere, ko ƙwallo. Shi kuwa sai ya miƙa maka gonar da ta zama saura, ka share, ka shuka, ka yi ban ruwa, ka kiwata kaji da shanu, ka saba da mutanen ƙauye, in ta kama ka yi aure. Yawancin wasannin noman da suka biyo baya a kan wannan tubali aka ɗora su. Akwai wani abu da ke rikita masu saye: wajen 2014 kamfanin Marvelous mai ƙera wasan ya raba gari da Natsume, wanda ke sayar da shi a Amurka. Natsume ya riƙe sunan Harvest Moon yana fitar da nasa, asalin zuriyar kuma ta koma amsa sunan Story of Seasons.

Daga baya hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi ta Facebook. A 2009 kamfanin Zynga ya fito da FarmVille, kafin ƙarshen 2010 masu buga shi a wata sun taɓa haura miliyan 80. Waɗanda suka yi zamanin zuwa kafe a Samaru da PZ za su tuna yadda saƙonnin gayyatarsa suka addabi kowa. Dabararsa ita ce, in ka shuka ba ka dawo kan lokaci ba, amfanin ya bushe, sai dai ka biya kuɗi a farfaɗo maka da shi. Ranar 31 ga Disamba 2020 aka rufe asalin wasan, saboda manhajar Flash da yake tafiya a kanta ta daina aiki, gonakin da mutane suka shekara goma suna ginawa suka tafi da shi. Wasan da ke zaune a kwamfutar kamfani ba naka ba ne, ko nawa ka zuba a ciki.

Hay Day ɗin da ƴarki ke bugawa daga wannan gida ya fito, ko da yake ya fi FarmVille sauƙin hali, tunda amfaninsa ba ya bushewa. Kamfanin Supercell na ƙasar Finland, masu Clash of Clans, su suka fitar da shi a 2012. Kyauta ake sauke shi. Agogonsa agogon duniya ne: alkama tana nuna cikin minti 2, masara minti 5, amma da an ɗan yi nisa sai abubuwa su koma cin awoyi. Rumbu ya cika, ba a faɗaɗa shi sai an tara katako da ƙusoshi waɗanda ba sa samuwa sai jefi-jefi. A gefe kuma ga lu'ulu'u ana sayarwa da kuɗin gaske, wanda da shi ake tsallake duk wani jira. Wato da gangan aka saka jiran, domin shi ne hajar da ake sayarwa. Wanda bai biya da kuɗi ba zai biya da yawan leƙawa, waya tana ƙara tana kiransa. Tashin da take miki da sassafe ba rashin ji ba ne, abin da aka tsara wasan ya sa mutum ya yi ke nan, kuma manya ma suna yi. Ƙari a kan haka, ba ya buɗewa sai da data, kuma in an kai wani mataki ana shiga ƙungiyar maƙwabta inda ake hira da baƙin da ba a sani ba, ana gasar mako-mako wadda in ka yi sanyi ka ja wa ƴan ƙungiya baya. Ka'idar kamfanin da kansa ta taɓa cewa sai mai shekara 13 zuwa sama. Township na kamfanin Playrix, wanda shi ma ya cika wayoyin mata a garin nan, kusan tafiyarsu ɗaya.

Stardew Valley ta ɗaya hanyar ya bi. Mutum ɗaya ne ya yi shi, wani Ba'amurke mai suna Eric Barone, wanda ya gama karatun kwamfuta bai sami aikin da yake so ba, ya zauna sama da shekara 4 yana rubuta manhajar, yana zana hotunan, yana tsara kiɗan da labarin duk shi kaɗai, da daddare kuma yana aikin nuna wa ƴan kallo kujera a wani gidan wasa. Ya fito ranar 26 ga Fabrairu 2016. Ya zo iPhone a 2018, Android a 2019. Zuwa ƙarshen 2024 an sayar da kwafi sama da miliyan 41. Sau ɗaya ake biya, babu talla, babu abin saye a ciki, ba ya neman data bayan an sauke shi, kuma duk gyare-gyare da ƙarin da aka yi masa tun fitowarsa kyauta aka ba waɗanda suka riga suka saya. Ga mai zama inda wuta ke zuwa tana tafiya, data kuma tana cin aljihu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Labarinsa: ma'aikacin ofis ne ya gaji da aiki a wani katafaren kamfani mai suna Joja, sai ya buɗe wasiƙar da kakansa ya bar masa, ya tarar an bar masa gadon gona a wani ƙauye. Zai fara da kuɗin wasa 500 da ƙwayar iri 15. Yini yana farawa ƙarfe 6 na safe, dole a kwanta kafin 2 na dare, kuma yinin gaba ɗaya kamar minti 14 ne a agogonmu. Shekara tana da yanayi 4, kowanne kwana 28. Akwai ma'aunin ƙarfin jiki da ke raguwa da kowane saran fartanya. Ban da gona akwai kamun kifi, da haƙar ma'adinai a kogo, da girki, da gyara wani tsohon ɗakin taron gari da ya lalace. Babban bambancinsa da Hay Day shi ne, in ka kashe wasan komai ya tsaya. Ko wata shida ka yi ba ka buɗe ba, inda ka bari nan za ka tarar. Ba ya kiranka.

Sai maganar koyon noma, wadda nake so maigida ya ji da kyau. A Stardew masara tana nuna cikin kwana 14, bayan nan duk kwana 4 ka dawo ka sake karya a jikin karan nan guda. Masarar SAMMAZ da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitarwa kuwa wata 3 zuwa 4 take ci, kuma sau ɗaya ake karya ta. In ka manta ban ruwa a wasan, shuka ba ta mutuwa, tsayawa kawai take yi ta jira ka. Talabijin yana faɗa maka ko za a yi ruwa gobe, kuma bai taɓa kuskure ba. Abokan gabar shuka ba su wuce hankaka da tsawa da ciyawa ba, hankakan ma mutum-mutumi ya ishe shi. Babu wuta-wuta a gonar dawa. Babu tsutsar sharon da ta cinye tumatirin Kaduna da Kano a 2016, babu tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a shekarar. Babu ranar da za ka je sayen taki ka tarar kuɗin buhu ya ninka, babu rigimar iyaka, babu rabon gado, babu dabbobin da suka shiga gona cikin dare, babu ƴan ƙodago da za a sallama da yamma. Dabba ba ta mutuwa da yunwa ko ciwo, ba a kuma yanka ta. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne farashi. Akwai akwati a ƙofar gida, duk abin da ka zuba a ciki da safe kuɗinka sun shigo, kuma farashin ba ya motsi ko kabewa dubu ka zuba. Manomin da ya taɓa kai masara kasuwar Giwa da kaka, ko ya ga kwandunan tumatir suna ruɓewa a bakin titi ta wajen Hunƙuyi saboda kowa ya kawo rana ɗaya, ya san rabin noma a kasuwa ake yinsa. Wannan rabin an cire shi ɗungurungum.

Kalandar ma ba tamu ba ce. A wasan, lokacin sanyi ƙanƙara ke rufe ƙasa, gona ta kwanta. Mu kuwa da hunturu ne fadamun Galma ke cika da lambu, injin ban ruwa yana ta kuka, ana dashen albasa da tattasai da tumatir. Yaron da ya ɗauki ilmin yanayi daga wasan zai ɗauke shi a juye.

To me yake koyarwa? Lissafi da tsara lokaci, kuma yana koyar da su da kyau. Ga misali daga cikin wasan. Irin farko da ake ba ka, wani tushe mai kama da karas, ana sayensa 20, a sayar 35, kwana 4 yake yi. Farin kabeji ana sayen irinsa 80, a sayar 175, amma sai ya kwana 12. Na biyun ya fi riba a kowace rana kusan ninki biyu, sai dai yana danne jari, kuma mai 500 a aljihu ba zai iya cika gona da shi ba. In kuma ya shuka shi ranar 20 ga wata ya yi asara, domin ranar da yanayi ya juya duk shukar da ba ta sabon yanayin ba bushewa take yi. Yaro zai ci wannan duka sau ɗaya, daga nan ya fara ƙirga kwanaki kafin ya sayi iri. Can gaba zai gane cewa sayar da madara ɗanya asara ce, gara a mai da ita cuku, darasin da masu mazarƙwaila na Maƙarfi suka daɗe da sani game da rake. Ki ƙara da Turanci: wasan cike yake da hira da wasiƙu, ba ya zuwa da Hausa, kuma wanda bai karanta ba ba zai ci gaba ba. A matsayinki na malama ina jin wannan zai fi burge ki.

In kayan aikin noma na zahiri yake sha'awa, akwai Farming Simulator na kamfanin GIANTS Software da ke Suwizalan, wanda aka fara a 2008. A nan taraktocin gaske ne na John Deere da Massey Ferguson da New Holland, ana huɗa, ana zuba taki da farar ƙasa, ana feshi, ana cin bashin banki, farashi yana hawa yana sauka. Akwai masara, da waken soya, da auduga, da rake, an ƙara dawa a fitowar 2021, sannan Farming Simulator 25 da ya fito a Nuwamba 2024 ya kawo shinkafa. Amma noman Turai da Amurka ne, na mutum ɗaya da injin girbi a fili iya ganinka, kuma na kwamfutar yana son inji mai ƙarfi. Wanda ya fi kowa bin shuka daki-daki shi ne Sakuna: Of Rice and Ruin na 2020, inda tazarar dashe, da zurfin ruwa a fadama, da lokacin girbi, da shanya duk suke canza ingancin shinkafar, har ƴan wasa a Japan suka riƙa shiga shafin ma'aikatar gonarsu neman bayani. Sai dai rabinsa faɗa ne, kuma labarin ya ginu a kan allolin gargajiyar Japan, don haka ba shi zan fara miƙa wa yaro ba.

Mutum zai yi mamakin yadda wasan shuka kabeji ya sami miliyoyin masoya. A Amurka waɗanda ke noma ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, a Japan kuma matsakaicin shekarun manomi ya doshi 70. Ga ma'aikacin ofis a can, gona mafarki ce. Da wani wasan zaman tsibiri mai shuka da kamun kifi, Animal Crossing: New Horizons, ya fito ranar 20 ga Maris 2020, daidai lokacin kullen korona, mutane suka yi masa rubdugu har aka sayar da sama da miliyan 40. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ɗalibanmu na nan, waɗanda da yawansu hutun damina a bakin kunya suke yinsa, su ma suna zama su yi ta ban ruwa a waya. A ganina abin da suke samu a ciki wuri ne da in ka yi aiki sai ka ga sakamako, ba fashi, ba wanda zai ce ka dawo gobe. Wanda ya gama digiri yana yawo da takardu, ko ya noma hekta guda kuɗin taki ya cinye ribar, ya san daɗin hakan. Ban ga laifin mutum ya huta a irin wannan wuri na awa guda ba.

Game da lafiyar ƙwaƙwalwa, kada ki yarda da masu cewa magani ne, kada kuma ki yarda da masu cewa guba ne. A 2020 masu bincike a Jami'ar Oxford ƙarƙashin Andrew Przybylski sun karɓi ainihin bayanan lokacin wasa daga kamfanoni, ciki har da na Animal Crossing, suka ga ƴar alaƙa kaɗan tsakanin yawan wasa da jin daɗin rai. A 2022 suka faɗaɗa binciken zuwa mutum kusan 39,000, sai suka ga yawan awoyin da kansa kusan ba ya canza komai. Abin da ya fi tasiri shi ne ko mutum yana wasa don yana so, ko don yana jin dole ne. Wannan ya dawo da mu kan bambancin wasan da ke jiranka da wanda ke kiranka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, amma da sharuɗɗa masu tsauri: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, kuma a ɗauki kamar shekara ana haka. Yaron da ya ƙwallafa rai a sabon wasa na mako biyu bai shiga wannan sahu ba. Ki dai duba salla, da barci, da aikin makaranta, da yadda yake amsawa in an aike shi.

Stardew ma yana da nasa tarkon. Bisa asali wasan yana adana ci gabanka ne lokacin da ka kwanta barci, da ka farka kuma ga kuɗin jiya sun shigo, ga wasiƙa, ga shuka ta nuna, sai ka ce bari in ƙara yini ɗaya. Haka dare ke rabawa. Maganinsa, kada ki ce masa “saura minti goma”, domin zai ce bai kai wurin ajiyewa ba, kuma da gaskiyarsa. Ki yi masa iyaka da kwanakin wasan. Kwana 4 na ciki kusan awa guda ke nan, ko ta ɗan gota.

Akwai abubuwan da ya kamata ke da maigida ku sani tun kafin ku biya, domin hotunan yara-yara ne amma wasan rayuwar ƙauyen Amurka yake kwaikwayo. Akwai mashaya a tsakiyar gari, kuma ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗi ita ce a zuba ƴaƴan itace a ganga su zama giya. Ana kiwon alade, ba don nama ba, don yana tono wani abu mai tsada a ƙasa. (A Hay Day ma akwai aladu, can kuwa namansu ake sarrafawa.) Akwai gidan caca da ake buɗewa can gaba, akwai boka a hasumiya, da mai duba a talabijin, da wani wurin bauta na addinin da aka ƙirƙira don wasan. Akwai neman aure: mutum 12 ne ake iya nema, maza 6 mata 6, kuma wasan bai hana namiji ya nemi namiji ko mace ta nemi mace ba. Labarin wasu mutanen garin ya taɓo shaye-shaye da ƙuncin rai. Hukumar tantance wasanni ta Amurka ta sa shi a rukunin ƴan shekara 10 zuwa sama, ta Turai kuma 12. Kusan duk waɗannan zaɓi ne, ana iya shekaru a wasan ba a taɓa ganga ko alade ko caca ba, a yi arziki da cuku da zuma da kifi. Ni dai da ɗan shekara 14 zan zauna mu yi maganarsu a fili, in gaya masa abin da gidanmu ya yarda da shi da wanda bai yarda ba, in kuma riƙa leƙa gonar. Ƙanwar kuwa, in ba ta kai 12 ba, ta yi wasan a gefenki. Hukuncin naku ne, ku kuka san yaranku.

In kun yanke shawarar saye, na waya dala 5 ne ba kaɗan, na kwamfuta dala 15 ba kaɗan, kuma Play Store zai nuna miki da naira. Ba ya son babbar waya, tsohuwar laftof ma tana ɗaukarsa. A kwamfuta yara biyu za su iya noma gona ɗaya a allo ɗaya in akwai abin riƙewa na wasa guda, wanda ya fi a yi ta rigimar waye zai karɓi waya. Kada ki bari a tura masa kwafin sata a shagon masu sa waƙoƙi, ko ya sauko da wanda aka ce an buɗe masa kuɗi ba iyaka. Irin waɗannan ne ke shigo da manhajar leƙen asiri, a wayar da kike shiga asusun banki da ita. Hay Day kuma ba sai an goge shi ba: ki kashe sanarwarsa, ki sa kalmar sirri a kan duk wani saye a Play Store, ki hana ta shiga ƙungiyar da ba ta ƴan uwa ba.

Labarin abin da ake ciki kuwa, kasuwar ta cika maƙil, kusan kowane wata sai an fito da sabo, yawancinsu Stardew ne aka canza wa riga. Shi kansa Stardew ya sami babban ƙari mai lamba 1.6 a Maris 2024 a kwamfuta, ya iso waya a Nuwamba na shekarar, da sabuwar gona ta masu kiwo, da sababbin iri ciki har da karas, da damar mutum 8 su yi gona ɗaya a kwamfuta. Fields of Mistria ya fito a Agusta 2024 tun ba a kammala shi ba, kuma cikin masu bin sahun shi ya fi burge ni, domin mutanen garinsa suna hira da juna kamar masu rai. A 2025 tsohuwar zuriyar Japan ta dawo da ƙarfi: Rune Factory: Guardians of Azuma a watan Yuni, rana ɗaya da fitowar na'urar wasa ta Nintendo mai suna Switch 2, sai Story of Seasons: Grand Bazaar a Agusta, wanda a cikinsa kai da kanka kake kasa kaya a kasuwar mako kana kiran masu saye. Waɗannan duk na kwamfuta ne ko na'urar wasa, ba na waya ba. My Time at Sandrock na wani kamfanin Sin ya kai labarin hamada, inda ruwa ke da tsada kuma sare itace laifi ne, abin da ɗan Arewa zai gane ba sai an yi masa bayani ba.

Wanda na fi so ɗalibaina su duba shi ne Coral Island. Wani kamfani ne a Yogyakarta ta Indonesiya, Stairway Games, ya nemi gudummawar jama'a ta intanet a 2021, ya tara sama da dala miliyan 1.6, ya kammala wasan a Nuwamba 2023. Tsarin na Stardew ne, har da soyayyar da auren, amma sun zuba tsibirinsu a ciki, da abincinsu, da matsalar sharar da ke kashe musu teku. Babu ko ɗaya cikin manyan wasannin nan da ya san damina da kaka da rani da bazara, ko gayya, ko gayaunar da ake yanka wa yaro, ko dillalin da ke tare ka tun kafin ka sauke buhu. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da masu karatun kwamfuta, da masu zane, da masana iri a Samaru, da masana kiwo a Shika, duk a gari ɗaya. In ɗanki ya fara tambayar yadda aka yi wasan maimakon yadda ake cin sa, ki gaya masa da yaren kwamfuta na C# Barone ya rubuta shi, kuma akwai manhajar ƙera wasa ta kyauta mai suna Godot da laftof ɗin gida za ta iya ɗauka.

Zai kuma zo miki da maganar Haunted Chocolatier, sabon wasan da Barone ya sanar tun Oktoba 2021, na mai shagon cakulan a wani gida mai fatalwa. Har ƙarshen 2025 bai fito ba, bai kuma sa masa rana ba, don haka duk abin da ya gani a waya da wannan suna kafin sanarwar mai shi jabu ne, kada a biya ko sisi.